Tambayoyi da amsoshi kan littafin The Day of the Jackal: ƙarfinsa da rauninsa

A 1971 ne Frederick Forsyth, ɗan jaridar Ingila, ya fitar da wannan littafi, kuma har yau ana sa shi a sahun gaba idan ana maganar labaran farautar masu laifi da 'yan ta'adda. Amsoshin da ke ƙasa sun taɓo ƙarshen labarin, don haka wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya dakata sai ya gama.

Wane labari ne a cikin littafin?

Labarin wani maharbi ne da aka yi hayarsa ya kashe shugaban Faransa, Janar Charles de Gaulle, a 1963. Masu hayar shugabannin OAS ne, ƙungiyar asiri ta sojoji da Turawan Aljeriya waɗanda suka ɗauki de Gaulle maci amana saboda ya amince Aljeriya ta samu 'yancin kai. Sun sha gwada kashe shi da hannunsu ba su yi nasara ba, ga shi kuma 'yan leƙen asirin gwamnati sun cika ƙungiyar, duk abin da aka ƙulla da dare sai a wayi gari an ji shi. Sai jagoransu a labarin, Kanar Marc Rodin, ya yanke shawarar a nemo baƙo wanda ba ya cikin kundin kowace hukuma. Suka gana da wani Bature ɗan Ingila a birnin Viyana, ya nemi dala 500,000, rabi kafin aiki rabi bayan aiki, ya zaɓi a riƙa kiransa Dila, wato Jackal a Turance. Daga nan littafin ya bi hanya biyu: shirin Dila, da kuma farautar da ɗan sanda Claude Lebel yake yi masa. Kashi uku aka raba shi: ƙulla makirci, farauta, sai ranar kisa.

Da gaske abin ya faru, ko ƙirƙira ce?

Farkon gaskiya ne. Ranar 22 ga Agusta 1962, a unguwar Petit-Clamart da ke wajen Paris, wasu mutane ƙarƙashin Laftanar Kanar Jean-Marie Bastien-Thiry sun yi wa motar de Gaulle kwanton ɓauna a hanyarsa ta zuwa filin jirgin sama na Villacoublay. An ƙirga harsasai 187, 14 suka samu motar, ƙirar Citroën DS, tayoyi suka fashe, amma direban ya ci gaba da gudu. De Gaulle da matarsa Yvonne suka fita ko ƙwarzane babu. An kama Bastien-Thiry, aka harbe shi ranar 11 ga Maris 1963, kuma da wannan safiya ce littafin ya buɗe. Sace Kanar Antoine Argoud na OAS daga birnin Munich na Jamus a Fabrairun 1963 shi ma ya faru. Ministan cikin gida Roger Frey mutum ne na gaske.

Dila, Rodin da Lebel kuwa duk ƙirƙirar marubucin ne. Forsyth ya yi wa kamfanin dillancin labarai na Reuters aiki a Paris a waɗannan shekarun, ya bi tawagar de Gaulle, ya ga yadda ake tsaronsa. Shi ya sa ya iya ɗinke gaskiya da ƙage har mai karatu ya kasa gane inda ɗinkin yake.

Kowa ya san de Gaulle ba harsashi ne ajalinsa ba. To me zai riƙe mai karatu?

Wasu kamfanonin ɗab'i ma abin da suka faɗa ke nan lokacin da suka mayar wa Forsyth rubutunsa: shugaban yana raye, kowa ya san maharbin zai kuskure. De Gaulle ya rasu ne a gidansa na Colombey-les-Deux-Églises ranar 9 ga Nuwamba 1970, 'yan watanni kafin littafin ya fito. Amma marubucin ya sauya tambayar da ke zuciyar mai karatu. Ba ka tambayar ko za a kashe shi. Kana tambayar ta yaya wannan mutum da ya toshe kowace kafa zai gaza, kuma a wane mataki. Kowane shafi da Dila ya tsallake wani tarko, sai damuwarka ta ƙaru, domin ka san dole akwai inda zai faɗi amma ba ka hango wurin ba. A ganina wannan ita ce babbar gwanintar littafin, kuma da ita ya ci lambar Edgar ta gwarzon littafin bincike a Amurka a 1972.

Me ake nufi idan aka ce ƙarfinsa yana cikin bayanin aiki dalla-dalla?

A dubi yadda Dila ya samu fasfo. Ya shiga maƙabartun ƙauyukan Ingila yana karanta duwatsun kaburbura har ya samu na wani yaro, Alexander Duggan, da ya mutu yana ƙarami, wanda da ya rayu da sun zama kusan sa'o'in juna. Da takardar haihuwar wannan yaro ya nemi fasfo, aka ba shi, domin ofishin da ke bayarwa ba ya duba rajistar mamata. Ya kuma saci fasfo biyu don ko-ta-kwana, na wani fasto ɗan Denmak da na wani ɗalibi Ba'amurke, ya sayi tufafi da tabarau da rinin gashi da za su mayar da shi kowannensu.

Sai bindiga. Ya je wurin wani maƙerin makamai a Beljiyam, Paul Goossens, suka zauna kamar mai ɗinki da mai kaya, ana auna tsawo da kauri, domin bindigar ta rarrabu ta shige cikin siraran bututun ƙarfe. Ba a gaya maka amfanin bututun ba sai a ƙarshe, inda za ka tarar ashe sandar gurgu ce. Da aka gama, ya shiga dajin Ardennes, ya rataye wani ɗan itace dangin kankana a jikin bishiya a matsayin kan mutum, ya ja baya mita 130, yana harbi yana komawa ya duba yana gyara madubin saiti da ɗan sukurdireba, har harsashi ya riƙa zama inda yake so. Babu ihu, babu guje-guje a wannan babi, amma da wuya ka ajiye littafin a nan.

Salon Ingilishin littafin na ɗan jarida ne: gajerun jimloli, sunan titi, lokacin tashin jirgi, kuɗin ɗakin otal. Wanda Ingilishinsa matsakaici ne zai iya binsa, sai dai sunayen Faransanci da za su ɗan yi masa nauyi a baki.

Lebel fa? Wasu na cewa ba shi da kwarjinin jarumi.

Haka ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Ɗan gajeren mutum ne, tufafinsa a yamutse, ba ya ɗaga murya. An ɗora masa aikin da ba a taɓa ɗora wa wani ba: ya nemo mutumin da ba a san sunansa ba, ba a san fuskarsa ba, kuma a asirce, domin de Gaulle ya ƙi a sanar da jama'a, ya kuma ƙi sauya ko da fita guda daga cikin jadawalinsa. Kowane dare sai Lebel ya tsaya gaban kwamitin manyan jami'an tsaro ya ba da rahoto, wasu cikinsu suna jiran ya gaza su ɗora masa laifi.

Makamansa wayar tarho ce, da katunan rajistar baƙi na otal-otal, da haƙuri. Da ya lura cewa sau da yawa Dila yana sulalewa daf da a kama shi, sai ya gane cewa daga cikin ɗakin taron ne maganar ke fita. Ya sa aka saurari wayoyin 'yan kwamitin duka, har aka gano cewa Jacqueline, farkar wani ɗan kwamitin mai suna Kanar Saint-Clair, ita ce ke miƙa labari ga OAS. Ina ganin Lebel shi ne mutum mafi kama da mutum a littafin, kuma darajar da aka bai wa aikin ɗan sanda mai bin diddigi, wanda ba ya barci, tana cikin abubuwan da suka fi burge ni.

To ina babban raunin littafin?

Littafi ne a kan ƙungiyar ta'addanci wanda kusan babu waɗanda ta'addancin ya ci a cikinsa. Wannan ne abin da ya fi damuna, kuma zan ɗan tsaya a kansa.

An kafa OAS a Madrid a farkon 1961. Cikin ƙasa da shekara biyu masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutane kimanin 2,000, mafi yawansu Musulmin Aljeriya. Ranar 15 ga Maris 1962, kwana uku kafin a sa hannu a yarjejeniyar Évian ta tsagaita wuta a yaƙin Aljeriya, 'yan bindigarta suka fito da jami'an ilimi shida daga ɗakin taro a unguwar El Biar ta birnin Aljiyas, suka jera su a bango suka harbe. Cikinsu har da marubuci Mouloud Feraoun. Ranar 2 ga Mayu ta tayar da bam a mota a tashar jiragen ruwan Aljiyas, inda 'yan dako suka taru suna jiran a ɗauke su aikin yini, fiye da 60 suka mutu. Ranar 7 ga Yuni ta banka wa ɗakin karatun Jami'ar Aljiyas wuta. A gefen Paris ma, bam ɗin da ta dasa don minista André Malraux a Fabrairun 1962 yarinya 'yar shekara 4 ya samu, ya lalata mata fuska da ido.

Mai karanta littafin zai gama shafi na ƙarshe bai ji nauyin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da zai ji shi ne ɓacin ran Rodin, sojan da ya yi yaƙi a Indocina da Aljeriya ya ga 'yan siyasa sun sayar da jinin abokansa. Zai ji baƙin cikin Jacqueline, wadda ta rasa ɗan'uwanta da saurayinta a rikicin. An ba waɗannan tarihi, an ba su dalili, an ba su hawaye. Ba'aljeriye kuwa ko guda babu da aka ba shi suna da murya, alhali a kan ƙasarsa ake rigimar, bayan mulkin mallaka na shekara 132 da yaƙin da aka gwabza daga 1954 zuwa 1962. Har Maurice Papon yana zaune cikin kwamitin tsaron a matsayin shugaban 'yan sandan Paris, mutumin da a ƙarƙashinsa aka karkashe Aljeriyawa masu zanga-zanga ranar 17 ga Oktoba 1961 aka jefa wasu a kogin Seine, kuma a littafin jami'i ne kawai kamar sauran.

Za a iya cewa ai ba littafin tarihi ba ne, kuma gaskiya ne. Sai dai marubucin da kansa ya zaɓi ya sa wa labarinsa rigar tarihi, da ranaku da sunayen gaske, har mai karatu ya yarda cewa ana gaya masa yadda abubuwa suka kasance. Wanda ya samu wannan amincewa, abin da ya bari a waje ma ana lissafa masa. Mai karatun da ya taɓa ganin abin da bam ke yi wa kasuwa ko tashar mota zai fi kowa saurin jin wannan giɓi.

Gaskiya ne mutum kan samu kansa yana goyon bayan makashin?

Gaskiya ne, kuma masu karatu da yawa sun shaida haka. Dalili shi ne da idonsa kake ganin rabin labarin, kuma ɗan Adam yana son gwani a kan aikinsa. Ba a gaya maka sunansa ba, ko iyayensa, ko abin da ya yi imani da shi. Kuɗi kawai yake so da hutun da za su saya masa. Wannan rufin asiri ƙarfi ne ta wani ɓangare, domin yana sa shi ya zama abin tsoro. Ta wani ɓangaren kuma yana wanke kisa ya mayar da shi sana'a. Mai buga takardun jabu da ya nemi ya tatse shi, da Colette da ta ba shi masauki a gidanta, da Jules Bernard da ya ɓoye shi a Paris, duk ya kashe su cikin 'yan layuka, labari ya wuce, babu wanda ya tsaya ya yi musu makoki.

Me za a ce game da babin azabtarwa?

Viktor Kowalski, mai gadin Rodin, tsohon soja ne ɗan Folan. Jami'an asirin Faransa suka yaudare shi da labarin cewa 'yarsa ba ta da lafiya, ya baro Rum ya zo Marseille, suka kama shi, suka gana masa azaba da wutar lantarki har ya mutu. Daga sambatun da ya yi kafin ya cika aka tsinto kalmar da ta tona asirin makircin. Forsyth bai ɓoye munin abin ba, ya nuna cewa gwamnati ma tana da nata ƙazantar hannun, kuma wannan abin yabo ne. Amma a tsarin labarin azabar ta biya: ba don ita ba da de Gaulle ya mutu. Littattafai da finafinai da yawa da suka biyo baya sun ɗauki wannan darasi suka yi ta maimaitawa, cewa idan lokaci ya ƙure azaba ce mafita. A zahiri wanda ake azabtarwa yakan faɗi duk abin da zai sa a ƙyale shi, gaskiya ko ƙarya, kuma littafin bai buɗe wannan ƙofa ba ko kaɗan.

Yaya aka nuna mata?

Da rauni sosai. Mata biyu ne masu muhimmanci, kuma dukansu ta shimfiɗa suka shigo labarin: Jacqueline tana kwana da kanar don ta kwashi sirri, Colette kuma Dila ya yi amfani da kaɗaicinta ya samu maɓoya. Matar Lebel sunanta kawai ake ji. Yadda aka zana masu neman jinsi guda a babin Paris shi ma zane ne na raini. Iyaye su sani akwai wuraren batsa a fili, ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne.

Akwai inda labarin ya dogara da sa'a?

Akwai, kuma a tsakiyar ginin. 'Yan sandan Ingila ƙarƙashin Sufuritanda Bryn Thomas sun bi sawun wani Charles Calthrop, saboda jita-jitar cewa yana da hannu a kisan Trujillo, mai mulkin Jamhuriyar Dominika, a 1961, kuma farkon sunayensa biyu idan aka haɗa suna ba da chacal, sunan dila a Faransanci. Da suka samu fasfonsa a gida, sai suka ce lallai da na jabu yake tafiya, suka shiga gwada sababbin fasfo da rajistar mamata har suka ci karo da Duggan. A shafukan ƙarshe sai ga Calthrop ya dawo daga hutu, ba shi da alaƙa da komai. Wato kuskure ne ya kai su ga gaskiya. Wasu na jin daɗin wannan juyi, ni kuwa ina ganin ya rage darajar binciken da aka kwashe shafuka ana ginawa.

Ƙarshen kansa ya fi wannan ƙarfi. Ranar 25 ga Agusta 1963, ranar tunawa da 'yantar da Paris, Dila ya shiga wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse a siffar tsohon soja mai ƙafa ɗaya. Ya saita, ya harba, a daidai lokacin de Gaulle ya sunkuya ya sumbaci kumatun wani tsohon soja da yake maƙala wa lambar yabo, harsashi ya wuce. Sa'a ce, amma sa'a ce mai tushe: Baturen Ingila ya lissafa komai ban da al'adar Faransawa. Kafin ya sake harbin shugaban Lebel ya iso.

An ce littafin ya koya wa masu laifi dabara. Haka ne?

Dabarar fasfon mamaci ta riga littafin, amma shi ya bazata, har a Ingila ake kiran irin wannan zamba da sunansa, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin a toshe kafar. A 1974 ɗan majalisar Birtaniya John Stonehouse ya bar tufafinsa a bakin teku a Miami don a ɗauka ya nitse, ya tsere Ostareliya da sunan wani mamaci daga mazaɓarsa. Ɗan ta'addan nan na Benezuwela, Ilich Ramírez Sánchez, wanda aka fi sani da Carlos, jaridar Guardian ce ta liƙa masa laƙabin Jackal a 1975 bayan an ga kwafin littafin a gidan da ya ajiye kayansa a Landan. Laƙabin ya ƙara masa suna da kwarjinin da bai cancanta ba.

Mene ne haɗin marubucin da Najeriya?

Haɗi ne na kusa. BBC ta turo Forsyth ya ɗauko rahoton yaƙin basasa a 1967, ya saɓa da shugabanninsa, ya ajiye aiki ya koma Biyafara da ƙashin kansa, ya zama aminin Ojukwu. A 1969 ya fitar da The Biafra Story, wanda ya tsaya ƙarara a ɓangare guda, a 1982 kuma ya rubuta tarihin Ojukwu mai suna Emeka. Da yaƙin ya zo ƙarshe ya koma Landan ba aiki ba kuɗi, ya zauna a farkon 1970 ya rubuta labarin Dila cikin kwana 35. A littafin tarihin rayuwarsa na 2015 ya bayyana cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6 hidima fiye da shekara 20, kuma tun zamanin Biyafara aka fara. Ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 86. Mutumin da ya ga yaran da yunwa ta kashe a Biyafara, ya kuma yi ta faɗa a kansu, ya san sarai yadda ake rubuta wahalar farar hula. Shi ya sa rashin Aljeriyawa a wannan littafi ya fi yi mini ciwo.

Fim ya wadatar, ko sai an karanta?

Fim ɗin 1973 da Fred Zinnemann ya ba da umarni, wanda Edward Fox ya fito a Dila, Michael Lonsdale kuma a Lebel, ya bi littafin sau da ƙafa, sai 'yan canje-canje kamar mayar da maƙerin bindiga Italiya. Na 1997 da Bruce Willis ya fito, da jerin shirin talabijin na 2024 da Eddie Redmayne ya ja, sun ɗauki suna da ƙashin bayan labarin ne kawai, babu de Gaulle babu Aljeriya. Mai son ya koyi yadda ake gina labarin farauta, musamman matashin marubuci, littafin zai nema, ya lura da yadda kowane babi ke sauya wuri daga Dila zuwa Lebel, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa daga makonni zuwa kwanaki zuwa daƙiƙoƙi. Kafin ya fara, ya samu wani abu a kan yaƙin Aljeriya ya karanta, ko da taƙaitaccen tarihi ne na shekarun 1961 da 1962, domin ya san su waye mutanen da suka biya Dila dala 500,000 ɗin nan.